Ranar da Ilu Wanzami Ya Naɗe Zabira

A Kurfi har yanzu akwai tsofaffin da idan aka ambaci Ilu Wanzami sai su gyara zama, su ce Allah ya ji ƙansa, su yi shiru. Ba sa ƙara komai. Gajeren mutum ne mai kaurin wuya, bai cika magana ba sai aska na hannunsa, ita ma maganar ba ta wuce ta damina da lafiyar bisashe.

A gidan wanzanci ya tashi. Ubansa ya yi, kakansa ya yi. A wancan zamani kowane gida yana da wanzaminsa, ba a canza shi, gadonsa ake yi kamar gona. Cikin gidajen da su Ilu suka gada har da na Malam Garba mai makarantar allo. Damina ɗaya aka haifi Ilu da Maniru, ɗan Malam Garba. Rana ɗaya uban Ilu ya yi musu kaciya, a zaure ɗaya suka yi jinya, suna cin kaji suna zagin juna.

Daga nan hanya ta rabu. Aka ɗauki Maniru makarantar boko, Malam Garba na so ba ya so. Ilu ya rataya zabira, wato jakar fatar da wanzami ke zuba asake da ƙahoni, ya bi bayan ubansa. Da Maniru ya dawo, malamin asibiti ya dawo, aka ba shi ɗakin shan magani na Dutsin-Ma, da kaki da keke. Tun a lokacin mutane ke ce masa Likita. Duk ran da aiki ya kawo shi Kurfi sai ya jingine keken a ƙofar Ilu, ya cire hula, ya miƙa kai.

"Sarkin Aska, a yi a hankali, kan gwamnati ne."

"Sarkin Allura, sunkuya. Na san kan nan tun yana da ƙwarƙwata."

Haka suke, har shekarar sanƙarau.

Bazara ce mai zafi, a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin. Ciwon ya shigo ta ƙauyuka, mutum ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sandare, kafin a ankara an kai shi. Hukuma ta ce duk wanda ya kamu a fitar da shi bayan gari. Aka kafa bukkokin zana a wani fako, can ake ba da ƙwaya, Maniru ne mai kula da wurin. Mutane suka riƙa ɓoye majinyatansu, domin wanda aka kai fako danginsa ba sa zuwa kusa, in ya cika kuma leburori ke rufe shi.

Luba matar Ilu ta kamu. Ita kaɗai gare shi, shekararsu uku da aure. Ya yi mata abin da ya iya, ya kafa mata ƙaho a ƙeya, jini ya fita, ciwo bai fita ba. Sai ya tari Maniru a bakin hanya, ya ja shi gefe. Ya gaya masa abin da bai gaya wa ko maƙwabcinsa ba. Ya roƙe shi ya ba shi ƙwayar nan ya kai mata cikin ɗaki, ba wanda zai ji. Maniru ya ce masa ya koma gida, zai zo.

Ya zo kuwa, da hantsi, ranar kasuwa, da 'yan doka biyu da leburori. Aka shiga har ɗakin Luba, matar da ko ƙofar zaure ba ta taɓa tsayawa da rana ba. Aka ɗauko ta kan gadon kara, ɗankwalinta ya zame a hanya, ba wanda ya tsaya ya mayar. A ƙofar gida Maniru ya juya kanta ya ga shaidar ƙaho. Ya ɗago, gaban jama'ar da ta taru, ya ce:

"Ilu, ƙahonka ya ƙarasa ta. Da ka kawo ta tun farko da wata magana ake yi."

Luba ta cika a fako bayan kwana kaɗan. Sai da aka rufe ta aka aiko masa.

Mai son gaskiya zai ce Maniru ya ceci mutane da yawa a bazarar nan. Akwai gidaje a Kurfi, da can wajen Shema da Dabawa, waɗanda ba don shi ba da an rufe ƙofarsu. Ilu ma bai taɓa musun wannan ba. Abin da ya riƙe daban ne. Ya shimfiɗa tabarmi a zaure ya zauna karɓar gaisuwa. Liman ya zo, mahauta sun zo, Malam Garba da kansa ya zo da sandarsa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Keken Maniru ya wuce ta ƙofar gidan ba sau ɗaya ba, bai tsaya ba. Wasu sun ce aiki ne ya yi masa yawa. Wasu sun ce kunya ce ta hana shi, kunyar kuma ta yi ta girma har ta fi ƙarfinsa. Ilu bai tambaya ba.

Maganar da aka faɗa a ƙofar gida ita ma ta yi aikinta. Shekara biyu ba mai kiran Ilu ƙaho. Sai aski, sai suna a gidajen gado, su ma don ba yadda za su yi. Ya koma gona da ƙarfinsa. Daga baya ya auri Talatu, wata bazawara mai haƙuri, wadda ta gane tun makon farko cewa akwai sunan da ba a ambata a gidan.

Shi kuwa Maniru sai gaba. Aka tura shi ƙarin karatu Kano, daga can aka ƙetare da shi teku. Ya dawo cikakken likita, mai fiɗa, mai farar riga. Ya yi aiki a manyan asibitoci, ana yabonsa. Da aka sami mulkin kai, manya suka ga yana da baki, yana da suna a ƙauye, suka jawo shi cikin sha'anin mulki. Ba a daɗe ba aka naɗa shi wakilin shugaban gwamnati a wani lardi mai nisa. In ya yi magana a can, kamar shugaban ne ya yi. Ya ajiye abin awon ƙirji, ya sa babbar riga, aka ba shi baƙar mota mai 'yar tuta a hanci.

Duk wannan Ilu yana ji. A kan tabarmar aski ake kawo masa labari, mai kai ya sunkuya yana ba da shi. An ce Likita ya gina rijiyoyi, an ce ya tsawata wa wani hakimi, an ce ya tafi ƙasar waje da ayarin gwamnati. Ilu sai ya goga aska a tafin hannu ya ce madalla. Ran da Malam Garba ya rasu, Ilu na cikin waɗanda suka fara isa, ya zauna har aka watse. Ya miƙa wa Maniru hannu cikin layi kamar kowa, ya yi masa gaisuwa cikakkiya, bai rage ko kalma ba. Maniru ya amsa idonsa na kan tabarma.

Abu ɗaya Allah ya jinkirta wa Likita, haihuwa. Matarsa Sakinatu 'yar Dutsin-Ma ce, malamar makarantar 'yan mata, mace mai kamun kai wadda ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Sun daɗe tare shiru. Sai bayan shekaru ta sami ciki. Da ya tsufa aka kawo ta gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Ta sauka lafiya, namiji.

A nan Dada ta shigo maganar, mahaifiyar Maniru, tsohuwa mai kafiya. Likita ya ce ba za a taɓa masa yaro da aska ba. Dada ta ce in dai tana numfashi, jikan Malam Garba sai ya ɗauki tsagar gidansu, 'yan baka uku-uku irin na fuskar ubansa, kuma wanzamin gidan ne zai yi. Aka ja, aka ja. Daga ƙarshe Likita ya sauko, ya ce a yi aski a yi tsaga, amma ban da cire beli, kuma sai an tafasa askar a gabansa.

Akwai abin da kowa ya sani a ƙasar nan, ba a dai faɗarsa. Wanzamin gida ba ya ɗora tsagar gida a fuskar ɗan da ba na gidan ba. Ana cewa idonsu na gani, sun riƙe jariran zuri'a ɗaya tun kaka da kakanni, sun san kunnenta, sun san yatsunta. Ko haka ne ko ba haka ba, mata sun yarda, kuma mata ne ke zagaye da wanzami ranar suna.

Da safiyar sunan aka raɗa wa yaro suna Garba a ƙofar gidan kakansa a Kurfi, aka raba goro, aka yanka raguna. Sannan baƙar motar nan ta tsaya a ƙofar Ilu. Ya fito da wankakkiyar riga, zabira a kafaɗa. Talatu ta ce tun da take da shi ba ta taɓa ganin ya daɗe yana wasa aska kamar jajiberin ranar ba. Ya zauna a baya, shi da Dada, har Dutsin-Ma. Ita ce ke ta ba shi labarin yadda ubansa ya yi wa Maniru tsaga, da irin kukan da ya sha.

Tsakar gidan iyayen Sakinatu cike take da mata, dangin uwa da dangin uba, da matan ma'aikata masu takalma masu tsini. An shimfiɗa wa wanzami tabarma a inuwar ɗaki, ga ƙwaryar gero, ga turmin atamfa, ga kason naman da al'ada ta ba shi. Likita ya shigo da kansa, abin da maza ba su cika yi ba, ya sa aka kawo tukunya kan murhu.

"Sarkin Aska, ka yi haƙuri, sai an dafa ta."

"A dafa, ranka shi daɗe. Ai ku kuka san ciwo."

Aka dafa, aka tsamo, ta huce. Ungozoma ta miƙo yaro. Ilu ya karɓe shi ya ɗora a cinya, ya yi bisimilla, ya jiƙa kan, ya aske shi tas. Ko ƙwarzane babu. Mata suka fara guɗa.

Sai ya tsaya. Ya juya fuskar yaron wajen haske. Ya duba kunnen dama, ya duba na hagu. Ya buɗe 'yan yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya. Ya kama tafin ƙafa ya daɗe yana kallo. Guɗa ta yi ƙasa, ta mutu. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin da mai jego take, kallo ɗaya, ya sauke. Ya miƙa wa ungozoma yaro. Ya goge aska, ya mayar da ita kube, ya naɗe zabira, ya ɗaure.

Dada ta ce, "Ilu, tsagar fa?"

"Aski ya yi kyau, Dada. Allah ya raya."

"Tsagar gidan nake tambaya."

"Allah ya raya shi," in ji Ilu. Ya miƙe. Bai dubi gero ba, bai dubi atamfa ba, bai taɓa naman ba.

A nan ne Likita ya yi kuskuren da ba mai yin sa sai wanda ya daɗe ba ya gida. Fuskarsa ta washe. Ya ɗauka wanzami ya ji maganar asibiti ne, ya bar yanka fuskar jarirai. Ya kama hannun Ilu da hannu biyu, gaban matan nan duka, ya ce ya gode, ya ce dama shi bai so a yi ba, ya ce da sauran wanzamai za su yi koyi da Ilu da an huta. Har ya juya yana yi wa matan ma'aikata bayani da Turanci. Wata tsohuwa ta rufe baki da gefen mayafi. Dada ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Ilu bai jira motar ba. Ya bi motar 'yan kasuwa ya koma Kurfi.

Kafin a gama cin naman suna maganar ta riga shi isa. Ba wanda ya faɗe ta da ƙarfi. A bakin rijiya dai aka fara tuna cewa bara Likita ya yi tafiya ƙasar waje, aka fara lanƙwasa yatsu. Wanda ya ƙirga da gaskiya zai ga watannin sun fita daidai, har da saura. Amma masu ƙirgar ba gaskiya suke nema ba. Aka ce ai shi ma uban ya gode wa wanzami, ya ce dama bai so a yi ba, me ya fi wannan? 'Yan hamayyar siyasa suka samu abin taunawa. Sakinatu ta gama wankan jego ba ta leƙa ko zaure ba. Matan da suka saba aiko mata da kunu suka riƙa aiko yara, su ba sa zuwa.

Talatu ce kaɗai ta yi wa Ilu magana, wata rana da ta kawo masa fura gona. Ta ajiye ƙwarya ta ce, "Malam, yarinyar nan me ta yi maka?" Ya sha furarsa ya miƙa mata ƙwarya. Ya ce gero na son ruwa, in ba a samu cikin makon nan ba akwai magana.

Likita yana can lardinsa, sai da Dada ta aika a kira shi, ta rufe ɗaki ta fassara masa abin da ya gani da idonsa bai gane ba. Waɗanda suka ga fitowarsa sun ce kamar an zare masa laka.

Da la'asar ya zo ƙofar Ilu. Ya bar motar nesa, ya tako da ƙafa, ba ɗan sanda, ba magatakarda. Ilu na yi wa wani manomi aski a zaure. Ya amsa sallama, ya nuna tabarma da haɓa, ya ci gaba. Bai gaggauta ba. Ya gyara wa manomin gemu, ya cire masa gashin hanci, ya tambaye shi lafiyar jakinsa. Wakilin shugaban gwamnati na zaune a kan tsohuwar tabarma, babbar rigarsa na shan ƙasa. Sai da manomin ya fita, yana waiwaye, sannan Ilu ya juyo.

Maniru ya fara da abin da ya kawo shi. Ya ce a zo a yi tsagar, gobe, yau ma in ana so. Ilu ya ce ai an wuce wurin. Ranar suna ake yi, gaban dangi. In aka yi yanzu, cewa za a yi mai mulki ya sa an yi, abin ya ƙara lalacewa. Maniru ya san haka ne. Sannan ya cire hula ya ajiye a gwiwa, kamar yadda yake yi da can in ya zo aski.

"Ilu, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Luba. Allah ya sa ta huta."

Shekara goma sha wani abu ke nan da rasuwarta. Ilu ya ɗaga hannu ya shafa, ya ce amin, ya ce an gode, Allah ya ba da lada. Ya amsa yadda ake amsa wa kowa.

"To ka taimake ni," in ji Maniru. "Ba don ni ba. Ranar Juma'a, in an sallame, ka tsaya ka ce yaron nan na gidanmu ne. Kalma ɗaya. Ka janye."

Ilu ya dube shi sosai, karo na farko tun shekarar sanƙarau.

"Ranka shi daɗe, me na ce da zan janye? Kai ka iya magana gaban jama'a. Ni aski aka kira ni, na yi."

Maniru na da ikon da zai sa a ɗaure Ilu kafin magariba, dukansu sun sani. Sun kuma san abin da gari zai ce in aka ɗaure shi. Ya mayar da hula, ya miƙe, ya yi sallama. Ilu ya raka shi har bakin zaure, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Ba a yi wata guda ba aka zo aka kwashe Sakinatu da ɗanta zuwa lardin. Likita bai sake ta ba, bai kuma taɓa bari a ga ya yi shakka ba, wannan a faɗa masa. Amma aikin makarantarta ya tsaya, kuma ba ta ƙara sallah a gidan iyayenta ba. Da soja suka karɓi mulki aka sauke wakilai duka, Maniru ya koma farar rigarsa, ya nemi asibiti mafi nisa da Katsina ya zauna can. Gidan da ya fara ginawa a Kurfi ya tsaya iya tagogi, awaki suka gaje shi. Dada ta rasu ba ta ƙara ɗaukar jikanta ba.

Ilu bai yi murna a fili ba, bai kuma yi nadama a fili ba. Talatu ta ce abincinsa dai ya ƙaru. Sai dai wani abu ya biyo baya wanda watakila bai lissafa da shi ba. Gidajen gado suka fara jin nauyin kiransa suna. Mai jego ta ji an ce Ilu ne zai zo sai gabanta ya faɗi, ko da ba ta da abin ɓoyewa. A hankali aka riƙa cewa ai ya tsufa, a bar shi ya huta, aka riƙa ɗauko wani yaron wanzami daga Dabawa. Ilu ya koma bin kasuwanni, yana aski a gindin bishiyar bedi.

A kasuwar Dutsin-Ma ne, wajen ƙarshen shekarun sittin, aka kawo Sakinatu gaisuwar rasuwar mahaifinta. Ta ratsa ta gefen rumfunan wanzamai, lulluɓe, tana riƙe da hannun yaron. Ya kai shekara biyar. Yana tafiya yana jefa ƙafar hagu waje, kafaɗa ɗaya a sama, sak Malam Garba in zai tafi masallaci. Duk wanda ya san tsohon ya gani. Mahauta sun gani, masu goro sun gani. Ba wanda ya ce komai.

Ilu ma ya gani. Ya bi su da ido har suka sha kwana wajen 'yan tukwane. Mutumin da yake yi wa aski ya gaji da sunkuyo, ya ce, "Sarkin Aska, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Ilu. Ya jiƙa hannu a ruwa. "Juyo da wancan gefen."